Kurakuran da sabbin editoci suka fi yi a Hausa Wikipedia, da yadda za a gyara su

Duk wanda ya ɗan jima yana gyara a Hausa Wikipedia ya san yadda abun yake, mutum ya buɗe akawun yau, ya ƙona datarsa ya rubuta doguwar muƙala, gobe ya dawo ya tarar an goge ta ko an kwashe hotunan da ya ɗora, sai ransa ya ɓaci yace ai mutanen wajen nan baƙin ciki suke masa. Wallahi yawanci ba baƙin ciki bane. Abu biyu ne ke jawo hakan, na farko ana ɗaukar kayan mutane kamar basu da mai su, na biyu kuma abin da mutum ya rubuta da hannunsa sai ya riƙe shi kamar gonar gado, babu mai taɓawa. Ita kuwa Wikipedia a duka biyun akasin haka take tafiya.

Mu fara da kwafo rubutu a manna, don shi ne ya fi cin mutane. Ka shiga shafin BBC Hausa ko Aminiya ko RFI ka ga tarihin wani an rubuta shi tsaf, ka kwaso ka zuba a Wikipedia ka danna wallafa. Ɗan'uwa wannan ba zai zauna ba. Dalili kuwa, duk rubutun da ke Wikipedia yana ƙarƙashin lasisin CC BY-SA ne, tun 2023 ma aka koma na 4.0, kuma ma'anarsa ita ce kowa a duniya zai iya ɗaukar rubutun ya canza shi, ya buga littafi da shi, har ya sayar, in dai ya faɗi inda ya samo kuma ya bar shi a kan lasisi iri ɗaya. Toh kaga lokacin da ka danna wallafa, kyauta ka yi wa duniya da rubutun, kyautar da ba a janye ta. Yaya za a yi ka yi kyauta da abin da ba naka ba?

Sai kaji wani yace ai na saka manazarta a ƙasa, na faɗi inda na ɗauko. Saka manazarta wajibi ne amma aikinsa daban, yana nuna wa mai karatu inda zai tabbatar da maganar ne, ba ya baka izinin kwashe jimlolin mutane. Wani kuma yace ai ban ga an rubuta haƙƙin mallaka a shafin ba. Ba sai an rubuta ba. A ƙarƙashin yarjejeniyar Berne da yawancin ƙasashen duniya suka shiga, da zarar mutum ya rubuta abu ko ya ɗauki hoto haƙƙin ya zama nasa, ba sai yaje ya yi rajista ko ya manna wata alama ba. Har dogon rubutun da wani malami ya yi a Facebook yana da mai shi.

Akwai wata dabara da mutane ke yi suna ganin sun tsira, wato su canza kalma ɗaya biyu su bar ginin jimlar yadda yake. Misali a ce littafin da kake dubawa ya rubuta cewa Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ta zama cibiyar cinikayya ga fatake daga nesa, kai kuma sai ka mayar da cibiya ta koma matattara, fatake su koma 'yan kasuwa, ka barshi haka. Har yanzu jimlarsa ce. Abin da babu mai mallakarsa shi ne bayanin kansa, cewa kasuwar tana Kano, cewa zamanin Rumfa aka kafa ta, wannan kowa na iya faɗa. Yadda aka jera maganar shi ne na marubuci. Gyaran shi ne ka karanta majiya biyu ko uku, ka ɗan rubuta shekaru da sunaye a takarda, ka rufe su gaba ɗaya, sannan ka rubuta kamar kana ba ƙaninka labari, in ka gama ka buɗe ka duba ko ka yi kuskuren shekara. Ya fi cin lokaci, eh, amma shi ke zama. Kuma kada a ɗauka ba za a gane ba, akwai kayan aiki irin su Earwig da ke kwatanta muƙala da shafukan intanet su nuna inda suka yi daidai.

In maganar mutum ce kake son kawowa yadda ya faɗe ta, ka kawo gajeriya, ka saka ta cikin alamar zance, ka faɗi wanda ya yi ta da inda aka buga. Amma kwaso baitocin waƙa daga farko har ƙarshe, ko shafi guda na littafi, wannan ya wuce ambato.

Fassara ma nan ake yawan zamewa. Ka ɗauko labarin jarida na Turanci ko Faransanci ko Larabci ka mayar Hausa jimla bayan jimla, kace ai ni na fassara don haka nawa ne. A'a, fassara reshe ce daga asalin, izinin yinta yana hannun mai asalin. Wadda aka yarda da ita ita ce fassaro muƙala daga wata Wikipedia, tunda lasisin ɗaya ne, amma ita ma da sharaɗi, dole a nuna daga ina ta fito don waɗanda suka rubuta ta can suna da haƙƙin a ambace su. In da manhajar fassara ta cikin Wikipedia kayi, ita da kanta take saka wannan bayanin a tarihin shafi. In da hannu kayi, ka rubuta a akwatin taƙaita gyara cewa an fassaro daga muƙala kaza ta Wikipedia ta Turanci, ka saka mahaɗinta. Kuma dan Allah, dan Allah, in na'ura ce ta fassara maka ka zauna ka karanta kafin ka wallafa. Abun yana min ciwo in buɗe muƙala in ga kalmomin duk na Hausa ne amma babu Bahaushen da zai gane me ake nufi, ɗalibi ya zo neman ilimi ya koma da ciwon kai. Muƙala ɗaya da aka gyara ta fi hamsin da aka zuba don a cika lamba a gasa.

Wani kuskuren shi ne ganin cewa tsohon abu ya zama na kowa. Ya danganta. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, rubutu yana da kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubucin ya rasu. Ɗauki Abubakar Imam, ya rasu 1981, kaga kenan littattafansa suna da kariya har ƙarshen 2051 duk da cewa iyayenmu ma sun karanta su a makaranta. Rubuce-rubucen Shehu Usman Ɗan Fodiyo da ya rasu 1817 su kam sun daɗe da fita, amma fa asalin. In wani malamin jami'a ya fassara su a zamanin nan ko ya yi musu sharhi, wannan fassarar tasa ce.

Yanzu hotuna, inda gaskiya aka fi shan wahala. Hotunan da ake sakawa a muƙala yawanci a Wikimedia Commons ake ɗora su, kuma can ba a wasa. Lokacin ɗorawa za a tambaye ka ko aikinka ne, sai mutum ya danna eh saboda hoton yana cikin wayarsa. Kasancewar hoto a wayarka ba ya mayar da shi naka. Wanda ya riƙe kyamara ya danna, a ƙa'ida shi ne mai hoton. Har hotonka da kaje situdiyo aka ɗauke ka da babbar riga ranar sallah, fuskarka ce amma in ba wata yarjejeniya kuka yi ba, haƙƙin yana wajen mai hoto. Don haka hoton jarumar Kannywood da ka sauke daga Instagram, fastar fim, fastar kamfen ɗin ɗan siyasa, sikirinshot daga bidiyon wa'azi, hoton sarki da aka turo a guruf ɗin WhatsApp, duk za a goge su, kuma in ka ci gaba da yi bayan an maka gargaɗi za a toshe akawun ɗinka. Masu dubawa suna ganewa da wuri, hoton da ya bi ta WhatsApp yana ƙanƙancewa kuma bayanan kyamarar da ke cikinsa suna ɓacewa, ga shi kuma ana iya nemo inda aka fara saka shi.

Sai wani yace ai jarumin da kansa ya ce min in saka. Maganar baki ko saƙon murya ba ta isa ba. Mai hoton ne zai aika imel ga 'yan sa kai da ake kira VRT ya bayyana cewa ya saki hoton a kan lasisin da ya yarda kowa ya yi amfani da shi har a kasuwanci. Izinin da aka ce "a saka a Wikipedia kawai" ko "ban da kasuwanci" Commons ba ta karɓa. Akwai 'yan wuraren da kayansu a sake suke, misali abin da ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka suka samar a bakin aiki, shi ya sa za ka ga hotunan Muryar Amurka a Commons, amma ko a shafinsu sai ka duba ƙasan hoton, in an rubuta sunan kamfanin dillancin labarai irin su AP ko AFP ko Reuters toh ba nasu bane, ka barshi.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka fita ka ɗauka da kanka. Hasumiyar Gobarau tana nan, Gidan Makama yana nan, masallacin Agadez, marinar Ƙofar Mata, mai kilishi a bakin tasha, hawan sallah, kasuwar ƙauyenku da babu hotonta ko ɗaya a intanet. Ka ɗora asalin fayil ɗin kai tsaye daga waya. In da mutum a ciki ka nemi yardarsa, musamman mata da yara da abin da ya shafi cikin gida, ka gaya masa cewa hoton zai iya zuwa ko'ina.

Toh sai ɗaya ɓangaren, zama da mutane. Ka rubuta muƙalar garinku, wani ya zo ya cire sakin layi biyu, kai kuma ka mayar, ya sake cirewa, ka sake mayarwa. Wannan shi ake kira yaƙin gyara. A Wikipedia ta Turanci in ka mayar da gyara fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ana iya toshe ka ko da kai ke da gaskiya, kuma babu wata Wikipedia da ke son wannan halin. In aka cire maka abu, ka fara duba tarihin shafi ka ga dalilin da aka rubuta, sannan ka je shafin tattaunawa kayi sallama ka tambaya, ka kawo majiyarka, ka saka hannu da alamar nan guda huɗu ~~~~ don a san wa ya yi magana da yaushe. Ka yi magana a kan rubutun, ka bar mutumin. Kalmomi irin su jahili, maƙiyin addini, ɗan koren wane, duk suna iya sa a toshe ka, kuma Gidauniyar Wikimedia mai kula da Wikipedia tana da dokar ɗa'a ta bai ɗaya da aka amince da ita a 2020 wadda ta hau kan kowane harshe, har da namu. Biyu da suka fi muni, fallasa sunan edita na gaskiya ko unguwarsu ko lambarsa alhali shi bai bayyana ba, da kuma barazanar kai mutum kotu ko wajen 'yan sanda. Su kam ko kusa kada kaje.

Kirari ma mu rage shi. Mun saba girmama manya kuma abu ne mai kyau, amma muƙala ba wajen gwarzon gwaraza, garkuwar talakawa, hasken zamani bane. Ka faɗi shekarar da aka haife shi, inda ya yi karatu, muƙamin da ya riƙe, abin da ya gina, mai karatu zai yanke hukunci da kansa. Haka in ana rubutu a kan Izala ko Tijjaniyya ko Ƙadiriyya ko wata jam'iyya, a rubuta yadda ɗan ciki da ɗan waje duk za su karanta su ce eh haka ne. In kuma mutumin yana raye, duk wani zargi da babu ingantacciyar majiya ana cire shi nan take, ji-ta-ji-tar soshiyal midiya ba majiya bace, mutuncin mutum da iyalinsa ne a ciki.

In biyanka aka yi ka rubuta a kan wani ko kamfani, tun 2014 sharuɗɗan amfani da shafin suka wajabta ka bayyana wa ya saka ka. Rubuta tarihin kanka ko na maigidanka kuwa gara ka bar wa wasu. Kada ka buɗe akawun biyu uku don su goyi bayanka a muhawara ko don ka kauce wa toshewa, akwai masu izinin bincika wannan, kuma kada ku haɗu ku uku a kan akawun ɗaya.

In an riga an goge maka muƙala, kar ka sake manna ta da wani suna. Duba rajistar gogewa za ka ga sunan admin ɗin, wato editan da ke da izinin goge shafi, da dalilinsa, ka rubuta masa a shafin tattaunawarsa cikin ladabi ka tambayi me ya kamata ka gyara. In matsalar rashin manazarta ce, sau da yawa ana iya dawo maka da rubutun zuwa shafin gwajinka, wato shafinka na gwada rubutu kafin a wallafa, ka ƙarasa aikin a can. In kuwa kwafe ne ba za a dawo da shi ba, don ko a shafin gwaji ba a yarda a ajiye rubutun wani ba, sai dai ka ɗauko majiyoyinka ka sake rubutawa daga farko da bakinka.