Yadda na gyara allunan asibitin unguwarmu a Garwa ta ƙasar Kamaru

Maigadin asibitin ne ya fara kawo min kuka: "Malam, bakina ya bushe da kwatance." Mai neman ɗakin awo sai ta tsinci kanta a wurin allura.

Na kashe safiya guda a bakin ƙofa ina kallo. Allunan duk da Faransanci suke, alhali yawancin masu zuwa Fillanci da Hausa suke ji, wasu ajami kaɗai suke karantawa. An kuma kafa su can saman ƙofa, jan fentin rubutun kuwa rana ta cinye shi.

Na sauko da su daidai ido, na rubuta fari a kan shuɗi mai duhu. Faransancin na bar shi, na ƙara ajami a ƙasa, da zane: mai ciki, sirinji, ƙwayar magani. Kibiya kuwa a mararraba na sa ta, inda mutum ke tsayawa yana waige-waige, ba a bakin ɗakin da ya riga ya iso ba.

Zanen sirinjin sai da na sake shi, wata tsohuwa ta ce alƙalami ne.