Kafin arhar gida ta ja ku ƙauyen Amurka

'Yan uwa masu shirin gudun tsadar haya a New York zuwa ƙauyukan jihar West Virginia, ku fara da lissafin mota. Yawancin wuraren babu bas, ko burodi za ka saya sai ka tada mota. In ɗaya ce maigida ya fita aiki da ita, uwargida ta wuni a kulle. Ku nemi ta biyu ko tsohuwa ce, a sa tayoyin dusar ƙanƙara kafin Disamba, don hanyoyin duk duwatsu ne da kwana-kwana. Maƙwabta galibi dattawa ne, kusan mutum 1 cikin 5 a jihar ya kai shekara 65. Ku riƙa share musu ƙofar gida, su suka san makaniken da ba ya cuta. Naman halal kuwa, a sayi babbar firiza a riƙa sarowa daga birni.