Yadda Za Ki Haɗa Wa Ɗanki Wasan Dusar Ƙanƙara A Legas

Da zarar Disamba ta kama, 'yan uwan da ke Kanada da Ingila sai su fara turo bidiyon 'ya'yansu suna birgima cikin dusar ƙanƙara, namu kuma na Agege da Idi-Araba su liƙe wa waya suna kallo. Dusar ba ta sauka a Legas. Hunturunmu hazo ne da bushewar leɓe, da rana kuwa zafi na nan wajen digiri 30. Duk da haka uwar da ke wuni a gida da ɗan shekara biyu ko uku za ta iya ɗanɗana masa wasan, ba tare da ta kashe wani abin kirki ba.

Kafin komai, ki san lafiyar yaron. Idan yana da sikila, kada ki kusantar da shi wannan wasa ko kaɗan, domin sanyi na tayar da ciwon. Mai zazzaɓi ko tari ma a bari sai ya warware.

Shiri tun da daddare ake yin sa. Ki jera fiya wata biyar ko shida a firiza su daskare. In wuta ta ƙi zama, ki sayi wanda ya riga ya daskare a unguwa. Ni dai ba na son manyan ƙanƙarar da ake sanyaya lemo da su, don ba ki san ruwan da aka haɗa su da shi ba, yaro kuwa duk abin da ya riƙe bakinsa zai kai.

Ki jira hantsi ya ɗaga, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, yaron ya karya kumallo, sanyin safe ya wuce. Sai ki yage ledar, ki naɗe ƙanƙarar cikin tsumma mai tsabta, ki sa a turmi ki daka. Nan ne aikin yake, kada ki yi gaggawa. Ki daka har ta yi laushi kamar garin tuwo, sannan ki bi da yatsu ki tsince duk wani ƙullutun da ya rage. Guntu mai girman gyaɗa ya isa ya shaƙe ƙaramin yaro, ga kuma kaifi da ke yanka hannu.

Ki juye a babban faranti, ki ajiye a ƙasa kan tsohon tawul saboda santsin tayil. Ki ba shi ludayi, ƙaramin kofi da murfin kwano. Da farko zai taɓa da yatsa ɗaya, ya janye da sauri, ya ɗago ya dube ki. Kada ki kama hannunsa ki tura. Ki dunƙula taki ki aza ɗaya bisa ɗaya, zai biyo baya da kansa. Ɗan ruwan zoɓo a cokali, a ɗiga a kai, zai ga fari ya koma ja a gabansa. Ki riƙa faɗa masa sunan abin da yake ji: sanyi, ya narke, ya jiƙe. A irin wannan zama ne bakin yaro ke buɗewa.

Gishiri kuwa kada ya zo kusa. In ya haɗu da ƙanƙara a kan fata, ƙuna yake yi sosai.

Minti goma zuwa sha biyar ya wadatar, zafin Legas ma ba zai bari ta wuce haka ba. Idan yatsunsa suka yi ja ko ya fara rawar ɗari, ki tsayar. Ki zubar da ruwan da ya narke nan take, kada ki bar yaron da roba mai ruwa ko da na ɗan lokaci ne. Ki goge masa jiki, ki canza rigar da ta jiƙe, ki shafa man kaɗe a hannu da leɓe saboda iskar hunturu, ki ba shi kunu mai ɗumi kafin barcin azahar.