Inda ya kamata ka ajiye na'urar numfashi a ɗakin barcinka

Da yawa daga cikin mutanenmu sai sun zo Ingila ko Amurka ko Kanada suke gane cewa minsharin da ake yi musu tsiya a kai a gida yana iya zama ciwo. Maƙogwaro ne ke toshewa cikin barci, numfashi ya ɗauke na daƙiƙa 10 ko fiye, mutum ya zabura ya ja iska ya koma, haka har asuba bai sani ba. Sai ciwon kai da safe, gyangyaɗi a wurin aiki, hawan jini ya ƙi sauka. In gwajin barci ya tabbatar, za a ba ka na'urar CPAP, wadda Dokta Colin Sullivan ya fara gwadawa a Sidni ta Ostareliya a 1980. Iska take turowa ta mesa zuwa takunkumin da ke fuskarka don hanyar numfashi ta zauna a buɗe. A asibiti za a koya maka ɗaura takunkumin, amma inda za ka ajiye na'urar ya rage naka, ga shi ɗakin sabon zuwa ƙarami ne, ga kafet, ga hita, ga sanyin da bai saba da shi ba.

Fara da tsayi. Na'urar ta zauna kusa da kan gado, ƙasa kaɗan da inda kanka yake, ba sama da shi ba. Dalilin ruwa ne. Tana da ɗan tanki da take ɗumamawa don kada iskar ta busar maka da hanci. Idan iskar mai ɗumi ta ratsa mesa a ɗaki mai sanyi sai ta yi raɓa, kamar yadda murfin tukunya ke zufa. In na'urar tana sama, ruwan zai gangaro fuskarka. Ka farka ƙarfe biyu na dare mesa tana ƙurƙur, ruwan sanyi na shiga hancinka. In tana ƙasa, ruwan zai koma tanki. Mesar da aka saba bayarwa mita 1.8 ce, saboda haka ka bar mata sarari ta yi sako-sako yadda za ka juya dama da hagu ba ka fizgo na'urar ba. Ƙaramar durowar gefen gado ko kujerar zaman tsakar gida mai faɗi ta wadatar, in dai ba ta rawa.

Ƙasa kaɗan ba yana nufin a kan kafet ba. Ta wani ɗan gurbi mai filta take zuƙar iska, a baya ko a gefe, kuma duk abin da ta zuƙa wanda filtar ba ta tare ba huhunka za shi. Kafet ɗin gidan haya cike yake da ƙurar waɗanda suka zauna kafin ka. Wanda har yanzu katifarsa a ƙasa take, bai kai ga sayen gado ba, ya samo katako ko faranti mai tauri ya ɗora ta a kai. Kar a manna ta da bango, kar labule ko bargo ya rufe gurbin.

A gidajen Ingila sau da yawa hita tana ƙarƙashin taga, kuma can ne ake tura gado don a ji ɗumi. Wurin nan bai dace da na'urar ba: hita na turo busasshiyar iska mai zafi, taga na zubo sanyin da ke ƙara raɓa. A Amurka da Kanada kuma ka duba ko akwai ramin iskar ɗumama gida a dandamali kusa da gadon. Matsar da na'urar ɗaya gefen. In raɓa ta ci gaba, nemi asibitin su ba ka mesa mai ɗumama kanta, ko ka tura mesar ƙarƙashin bargo.

Sai maganar da ta shafe mu kai tsaye, turaren wuta. Ban ce a daina ba, ɗakin Bahaushiya ba ya cika sai da shi. Amma uwargida, don Allah kar a kunna kasko na'urar tana aiki, kar kuma a ajiye shi a durowar da take. Hayaƙin yana maƙalewa a filta da mesa, maigida ya kwana yana shaƙarsa da ƙarfin inji. A turara da yamma, a rufe na'urar, a buɗe taga kafin kwanciya. Humra ko wani turare kuwa ko ɗigo ɗaya kar ya shiga tankin.

Ruwan tankin ma a kula. Na famfo a Landan da kewayenta yana barin farin nan da kake gani a cikin butar dafa shayi. Masu ƙera na'urar ruwan da aka tace ta hanyar tururi suke so a zuba, wanda a Amurka ake sayarwa galan-galan a manyan kantuna da shagunan magani. A Ingila ka bi abin da asibitinka ya ce. A zubar da ragowar kowace safiya, kuma kar a ɗaga na'urar da ruwa a ciki, domin yana iya kwarara cikin injin.

Zaɓi gefen da soket yake, kada waya ta ratsa hanyar da za ka bi cikin duhu in ka tashi alwalar asuba. Yawancin na'urorin suna karɓar wuta mai ƙarfin volt 100 zuwa 240, don haka in za ka je gida hutu bakin fulogi kawai za ka duba: na Ingila irin na Najeriya ne, na Amurka sai da adafta. In da yaro mai rarrafe, rataye mesar a kan gado da rana, can ma ta fi bushewa.

Abin da ya sa nake nanata wannan duka, na'urar da ke tashinka da dare cire ta za ka yi, kuma ana gani. Sababbin, irin ResMed AirSense, suna aika wa asibiti lissafin sa'o'in da ka yi da su. A Amurka, Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati, da kamfanonin inshora da dama suna son aƙalla sa'a 4 a dare 21 cikin 30 a jere, a cikin kwana 90 na farko, in ba haka ba su daina biya. A Birtaniya, wanda aka tabbatar ciwon nasa matsakaici ne ko mai tsanani kuma yana sa shi yawan barci da rana, wajibi ne ya sanar da hukumar lasisin tuƙi ta DVLA, kuma komawarsa kan sitiyari ta dogara da shawo kan gyangyaɗin. Mai tasi da mai kai kaya, abincinsu ke nan. In ɗakinka na ƙarƙashin ƙasa ne inda sabis ɗin waya da na'urar ke aika lissafin da shi ke wahala, gaya wa asibitin tun da wuri, su karanta daga katin da ke jikin na'urar.