Yadda ake kai 'yan firamare Gidan Makama su dawo da abin da suka koya

Yaro ɗan shekara tara ba zai ɗauke tarihin Kano na shekara dubu a safiya ɗaya ba. Abu uku ko huɗu zai riƙe, in an bar shi ya tsaya a gabansu ya dube su da kyau, ya yi tambaya aka ba shi amsa. A kan wannan nake tsara ziyarar duk lokacin da zan kai 'yan ajina, aji huɗu, Gidan Makama da ke daura da fadar Sarkin Kano, kuma shi nake so in bayyana wa malamai 'yan'uwana dalla-dalla.

Kafin ka kai yara, ka fara zuwa kai kaɗai. Ka karɓi takarda daga shugaban makarantarku zuwa ga shugaban gidan, domin wurin yana ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ne, kuma a rubuce ake neman ziyarar makaranta. In ka je, ka nemi ma'aikacin da zai zagaya da yaran, ku zauna. Ka gaya masa shekarunsu da yawansu, ka roƙe shi ya yi bayanin da Hausa. Ka tambayi kuɗin shigar ɗalibai, da ko ana ɗaukar hoto, da abin da hannu zai iya taɓawa da wanda ba a taɓawa. Ka duba ban-ɗaki da inuwar da za su zauna. Sannan ka zaga ɗakunan a tsanake, ka zaɓi wurare huɗu da za ku tsaya. Sauran ku bar su sai wani zuwan.

Iyaye kuma a rubuta musu takardar neman izini tun da sauran mako guda. Za ka samu wani uban ya ce shi ɗansa ba zai je gidan gumaka ba. Kada ka ɗauki maganar da wasa, kuma kada ka aika masa da yaro. Ka same shi da kanka, ka ce: “Alhaji, gidan da Sarki Rumfa ya zauna ne, kuma akwai sashen da ke nuna tarihin Musulunci da karatun allo a Kano. In kana da hali ma ka zo mu tafi tare, muna neman manya.” Uban da ya raka ku sau ɗaya, shi zai riƙa shawo maka kan sauran.

A aji, kwana biyu kafin tafiya, nakan ɗaura igiya daga bango zuwa bango in ce kowane taki ɗaya shekara ɗari ne. A farkon igiyar mu maƙala takarda mai sunan Bagauda da shekarar 999. Mu yi taki huɗu da rabi da 'yan kai, mu maƙala Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Can kusa da ƙarshe mu sa 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Kano a zamanin Sarki Alu. Daga nan sai in kira yaro ɗaya ya nuna mana tsawon rayuwarsa a jikin igiyar. Ba ta wuce tsawon yatsa. A nan ne suke fara gane me ake nufi in an ce gini ya haura shekara ɗari biyar. Sunaye ukun nan sun isa. Labarin Rumfa shi za ka faɗaɗa: cewa a wannan gida ya zauna yana riƙe da sarautar Makama kafin ya hau gadon sarauta ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, cewa a zamaninsa aka kafa kasuwar Kurmi, kuma shi ake danganta wa fara busa kakaki ga Sarkin Kano. Duk yaron da ya taɓa ganin hawan Sallah ya san kakaki, to ka ga ya samu abin da zai rataya sunan a jiki.

Ranar tafiya kada ta zama Juma'a, saboda babban masallaci na nan kusa kuma hanya kan cushe tun kafin azahar. Ku fita da sassafe, lokacin sanyi ya fi. Kowane yara goma a ba su babba ɗaya, da sunayensu a rubuce a hannunsa. A ƙirga su wajen hawa mota, a ƙirga a bakin ƙofa, a sake ƙirgawa wajen fita. Ruwan sha, fensir da farar takarda ɗaya ga kowa. Littafin rubutu a bar shi a makaranta, don in suka zo da shi kwafar bayanan da ke manne a bango za su yi ta yi, ba za su ɗaga kai su ga komai ba.

Tsayawar farko ita ce ginin kansa, kuma a nan nake fi daɗewa. Da yawa daga yaranmu a gidan bulo da kwano aka haife su, ba su taɓa shiga soron ƙasa irin wannan ba. Da kun shiga zaure ka ce kowa ya yi shiru ya gaya maka me jikinsa ya ji. Wani zai ce sanyi. Ka tambaye su ina fankar take. Sai su duba su ga babu. To ka kai su bakin ƙofa su auna kaurin bango da hannuwansu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, su ga ya fi na ajinsu nesa ba kusa ba. Ka sa su ɗaga kai su ga yadda bakan gizo ya taso daga bango ya lanƙwasa ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiyar rufi. Ka gaya musu abin da ke ciki: azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cin ta da sauƙi, magina suka jera ta suka ɗaure suka lulluɓe da ƙasa. Bangon kuwa tubali ne da aka mulmula da hannu aka shanya a rana, kuma ana shafe irin wannan gini da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwan sama kada ya ci shi. A waje ka nuna musu zanko a kan soro da indararo. Ka tambaya ko akwai wanda kakansa magini ne. Kusan kullum sai an samu, kuma za ka ga yadda yaron nan yake miƙe wuya.

Ta biyu, abin da ya shafi ganuwa da ƙofofin gari. A gaban taswirar birni kowa ya nemo ƙofar da ta fi kusa da gidansu: Ƙofar Mata, Nassarawa, Na'isa, Kabuga, Wambai, Mazugal, Ɗan Agundi. Ka faɗa musu Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta, kuma da can in dare ya yi rufe ƙofofin ake yi. Ka tambaye su wanda ya makara a waje ina zai kwana. Gardamar da za su yi a kan wannan ta fi duk bayanin da za ka yi musu amfani.

Kayan yaƙi da ɗakin amarya su ne sauran biyun. Maza za su ruga wajen takubba da masu, mata su nufi jere. Ni ba na raba su, kowa sai ya tsaya a duka biyun. Tambayoyina a gaban kowane kaya ba sa canzawa: da me aka yi shi, wane mai sana'a ne ya yi shi, me muke amfani da shi yau a madadinsa. Daga nan a zauna a inuwa minti goma sha biyar, kowa ya zana abu ɗaya da ya gani. Kada ka gyara wa kowa zane. Yarinyar da ta zana taskira ta tsaya tana ƙirga layukan saƙar ta ga abin da babba ya wuce bai gani ba.

Duka ziyarar kada ta wuce awa ɗaya da rabi. 'Yan aji ɗaya da biyu kuwa minti arba'in ya ishe su: zaure, tsakar gida, sai a shimfiɗa tabarma a ba su labarin Barbushe da Dutsen Dala kamar yadda ake tatsuniya, a tashi.

Washegari aikin gida ɗaya nake bayarwa. Kowa ya je wajen kakarsa ko wani tsoho a unguwa ya tambayi abu mafi daɗewa da ke gidan, in an yarda ya aro shi. Abin da ke zuwa yana da yawa: akushi, mazari, tsohon allo, tasa, kwabo mai huji da anini na kafin naira ta shigo a 1973. Mu jera su a kan benci a bayan aji, kowane da 'yar takarda da yaron ya rubuta da hannunsa: sunan abin, amfaninsa, da wanda ya ba da labarinsa. Mu gayyaci sauran azuzuwa, masu kayan su tsaya su yi bayani kamar yadda suka ga ma'aikacin gidan tarihi ya yi. Ka rubuta duk abin da aka kawo a littafi, ka kulle ajin da kanka, kuma kayan su koma hannun masu su a cikin makon, domin amana ce tsofaffi suka ba ka.

In zangon karatu na gaba ya zo, Gidan Ɗan Hausa ne ya dace ya biyo baya, inda Bature Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, ko kuma marinar Ƙofar Mata su ga baba da shuni a ramin rini. Malamin da ke Daura yana da rijiyar Kusugu, na Katsina yana da hasumiyar Gobarau, na Argungu yana da gidan tarihin Kanta, kuma tsarin nan zai yi masa aiki in ya sauya sunayen da zai maƙala a jikin igiya.