Yadda Ake Gane Zanen Georges Rouault

Duk mai son gane aikin Georges Rouault, mai zanen Faransa da ya rayu daga 1871 zuwa 1958, sai ya fara duba baƙaƙen layuka kafin ya kula da abin da aka zana. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon sana'a wurin masu gyaran gilasai masu launi na tagogin coci, inda ake haɗa gutsattsarin gilashi da dalma, kuma wannan horo bai bar hannunsa ba har ƙarshen rayuwarsa. Saboda haka a lura ko an kewaye fuska da hannu da tufafi da kakkauran baƙin layi, ja da shuɗi kuma suna ƙyalli a tsakani kamar rana tana bayansu.

Daga nan sai a matsa kusa, ko a faɗaɗa hoton idan a intanet ake kallo. Fentin yakan yi tudu da kwari, domin Rouault yakan shafa, ya kankare, ya sake shafawa, shekara da shekaru. Zanensa na tsohon sarki da ke Pittsburgh ta Amurka, wanda ya fara a 1916, sai a 1936 ya kammala shi. A dubi yadda sarkin ya juya gefe, ya riƙe farin fure, fuskarsa babu alamar jin daɗin mulki.

Mutanen da yake zanawa ba su da yawa: 'yan kama na gidajen wasa, karuwai, alƙalai masu kumburarrun fuskoki, sai Yesu Almasihu, kasancewarsa ɗan Katolika mai riƙo da addini. Kada a nemi kyan sura a wurinsu, don da gangan yake karkata hanci ko ya tsawaita fuska, abin da ke cikin zuciya yake son ya fito fili. A ganina, alƙalan sun fi kowa shan zafin hannunsa.

Launi ma yana nuna zamanin aikin. Zane-zanensa na wajen 1905 duhu ne da fushi, na tsufansa kuwa sun fi haske da natsuwa, ruwan ɗorawa da kore sun yawaita. A yi hattara da kwanan wata, domin yakan koma kan aiki ɗaya bayan dogon lokaci, kuma a 1948, bayan ya yi nasara a shari'arsa da magadan dillalinsa Ambroise Vollard, ya ƙona zane 315 da ya tabbata ba zai iya ƙarasawa ba.