Yadda za ka karanci tarihin gidan attajirai, mu gwada da gidan Rockefeller na Amurka

Duk sanda aka tado zancen gidan Rockefeller a majalisa ko a WhatsApp sai ka ga an rabu gida biyu, wasu su ce ai sune ke juya duniya a ɓoye, wasu su ce mutanen kirki ne tunda sun gina jami'o'i sun yaƙi cututtuka. Ni abin yana damuna gaskiya, domin tarihinsu a rubuce yake, ba sai an yi shaci faɗi ba. Ga yadda nake bi, kai ma ka gwada.

Ka fara da inda kuɗin ya fito, kar ka fara da kyautar da suka yi. John D. Rockefeller ya kafa kamfanin Standard Oil a 1870 a Cleveland, lokacin ba a san mota ba, kananzir na fitila shine kasuwa. Bai ɓata lokaci wajen haƙar rijiyar mai ba, matatu ya kama, sannan ya ƙulla da kamfanonin jirgin ƙasa suna mishi ragin kuɗin dako a asirce, to kaga duk wanda ke gasa da shi kayansa sun fi tsada tun kafin su isa kasuwa, ko ka sayar mishi da matatarka ko ka karye. Zuwa wajen 1880 kusan kashi 90 cikin 100 na tace mai a Amurka a hannunsa yake. A 1911 kotun ƙoli ta farfasa kamfanin gida 34, daga cikinsu ne ExxonMobil da Chevron suka samo asali, kuma tunda yana da hannun jari a dukkansu dukiyarsa ƙaruwa ma tayi.

A nan ka riƙa tambayar waye ya rubuta abinda kake karantawa. 'Yar jarida Ida Tarbell ce ta tona asirin kamfanin a littafinta na 1904, aikinta na da hujjoji sosai, amma ka sani mahaifinta na cikin ƙananan 'yan kasuwar mai da aka danne.

Daga nan sai ka nemi labarin lebura, kuma nan ne nake so ka daɗe. A jihar Kolorado gidan na da babban kaso a kamfanin Colorado Fuel and Iron mai haƙar kwal. Ma'aikaci a gidan kamfani yake kwana, a kantin kamfani yake cefane, biyansa kuma bisa nauyin kwal ɗin da ya haƙo ne, shi yasa cikin buƙatunsu har da a bari su zaɓi nasu mutumin da zai tsaya a gaban sikeli, da aikin awa 8, da amincewa da ƙungiyar ƙwadagonsu. Da suka shiga yajin aiki a Satumban 1913 aka kore su daga gidajen, suka kafa tantuna a Ludlow suka yi hunturu cikin ƙanƙara da mata da yara. Ranar 20 ga Afrilu 1914 dakarun jiha da masu gadin kamfani suka buɗe wuta aka ƙone sansanin. Washegari aka samu gawar mata 2 da yara 11 a cikin wani rami da aka haƙa ƙarƙashin tanti don ɓuya daga harsashi, hayaƙi ne ya shaƙe su. Wallahi duk karatun da zan yi a kan gidan nan sai ramin nan ya dawo min.

To sai ka duba me suka yi bayan abin ya faru. John D. Rockefeller ƙarami, ɗan mai gidan, ya ɗauko Ivy Lee ya gyara musu suna a jaridu, ya ɗauko Mackenzie King wanda daga baya ya zama firaministan Kanada ya tsara yadda ma'aikata za su samu wakilai a cikin kamfani, shi kansa ya je Kolorado a 1915 ya zaga ma'adinan. An ɗan samu gyara, amma ƙungiyar da suka yi yajin dominta ba a amince da ita ba a lokacin.

Siyasa ba ta da wahalar bi, sunaye kawai za ka jera. Cikin jikoki da tattaɓa-kunnen mai gidan, Nelson ya yi gwamnan Niyok daga 1959 zuwa 1973 sannan mataimakin shugaban ƙasa daga 1974 zuwa 1977, Winthrop gwamnan Arkansas, Jay gwamnan West Virginia kuma sanata na shekara 30, David kuma ya shugabanci bankin Chase Manhattan. Filin da hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya take a kai ma da dala miliyan 8.5 ɗinsu aka saya a 1946.

Sai yanzu ka zo kan taimako, kuma ka yi adalci don aikin na gaske ne. Jami'ar Chicago da kuɗinsu ta tashi. Gidauniyar Rockefeller ta kafa wurin binciken zazzaɓin shawara a Yaba ta Legas a 1925, a ɗakin bincikenta na Niyok kuma Max Theiler ya samar da rigakafin cutar da har yau ake yi wa mutum kafin a ba shi katin nan mai ruwan ɗorawa na tafiya. Ita da gidauniyar Ford suka kafa cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan a 1967, wadda ke da reshe a Kano ana aikin irin wake. Amma ka tambaya, waye ya zaɓi cutar da za a yaƙa da irin noman da za a koya wa mutane, tunda mai kuɗin ne ke zaɓa ba waɗanda za a yi wa ba.

Abu na ƙarshe, ɗauko takarda ka ja layi huɗu, kasuwa, ma'aikata, siyasa, taimako, ka riƙa zuba shekaru a jere. Da ka yi haka za ka ga an yi wa gidauniyar rajista a Mayun 1913, wata huɗu kacal kafin a fitar da masu haƙar kwal daga gidajensu zuwa tantunan Ludlow.